Maigadi ya ce "ai wani mai Keke ne ya tafi da su"

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya abin ke cina. Walida shekararta 6, tana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi a nan Zariya, ba zan kama suna ba. Ana tashinsu ƙarfe 1:30, mai Keke Napep ɗin da muke biya duk wata yakan sauke ta a ƙofar gida kafin biyu. Jiya biyu ta yi, shiru. Biyu da kwata na kira shi, waya a kashe. Na zari hijabi, na bar wa maƙwabciya tukunya a kan wuta, na tari acaɓa.

Na isa na tarar an rufe get, maigadi na zaune a benci da rediyo a kunne. Na ce, Baba ina Walida 'yar aji ɗaya? Ya ce duk sun watse. Na ce wa ya ɗauke ta? Ya ce, "Ai wani mai Keke ne ya zo ya kira sunayensu, su huɗu, suka bi shi." Na ce wanda ya saba zuwa? Ya ce a'a, wannan baƙo ne, wani siriri mai jar hula. Jama'a, a nan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Malamai duk sun tafi, lambar shugabar makaranta tana shiga ba a ɗagawa.

Sai uku da rabi aka kira ni daga gida wai ga ta an kawo. Ashe Keken mutuminmu ne ya lalace a Kwangila, wayarsa ba caji, sai ya roƙi abokinsa ya kwaso yaran. Abokin bai san gidajen ba, yaran ne ke nuna masa hanya, 'yan shekara shida da bakwai! Suka yi ta bulayi daga Tudun Jukun har Gyallesu. Na dawo na same ta tana barci a kan tabarma, takalmi ƙafa ɗaya, hannunta damƙe da guntun gullisuwar da ya saya musu don su daina kuka. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma da ba na kirki ba ne fa? Duk wanda ya san sunan ɗanka sai a buɗe masa ƙofa? Ku yaya makarantun yaranku suke yi?

Maman Biyu:
Innalillahi. Wallahi ina karantawa hantar cikina na kaɗawa. Barka da arziki Maman Walida, Allah ya ƙara tsarewa.

Abban Khalifa:
Barka Hajiya. Mu a Samaru, makarantar su Khalifa kati suke bayarwa. Kowane yaro kati biyu, da hotonsa da ajinsa. Ba kati, ba yaro. Rannan na manta nawa a wata riga, malamar ta san ni sarai, har gaisawa muke, amma sai da ta kira uwarsa a gabana kafin ta sake shi. Na ji haushi a lokacin, ban ɓoye ba. Yau da na karanta wannan sai na ji kamar in je in ba ta haƙuri.

Ɗan Sabon Gari:
A faɗi gaskiya ko da ɗaci. Laifin makaranta kaɗan ne. Ke kika ɗauko mai Keke, ba makaranta ba. Mu da muka yi firamare da ƙafa muke zuwa, mu tsallaka titin jirgi mu dawo, ba wanda ya ɓata. Iyayen yanzu sun miƙa tarbiyya ga direba da waya, in abu ya faru sai a nemi wanda za a rataya wa.

Maman Walida:
Malam na karɓi rabona na laifi. Ko lambar wani nasa ban da ita, wannan sakacina ne. Amma daga safe zuwa tashi amanar tana hannun wa? A hannunsu na ajiye, su kuma suka miƙa wa wanda ba su taɓa gani ba.

Direba Ɗan Muciya:
Ni sana'ata ke nan, shekara bakwai ina jigilar 'yan makaranta, bari in sa baki. Abin da ɗan uwana ya yi kuskure ne, amma duk muna yinsa. Keke ya mutu maka a hanya, yara na jira, me za ka yi? Sai ka tura wanda ka yarda da shi. Abin da ya kamata, ya ari waya ya kira ko da uwa ɗaya. To amma ku tambayi kanku, makaranta nawa ce ta taɓa neman sunana ko lambar Kekena? A cikin uku da nake zuwa, ɗaya ce kacal ta rubuta. Sauran da na yi hon sai yara su fito da gudu kamar an buɗe wa kaji akurki.

Sannan iyaye, ku ma ku ji. Kuna ƙin ƙarin kuɗi, mai kuma ya yi tsada, shi ya sa kuke ganin yaro tara, goma a Keke ɗaya, biyu a gefen direba, jakunkuna a rataye. Ni kaina ina jin tsoro in na zo shataletalen PZ da su. In 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya suka tare mu ku ce sun cika takura.

Maman Biyu:
Gaskiya Direba ka faɗi abin da ba ma son ji.

Malama 'Yar Gwamnati:
Ina jinku ana ta maganar kati da get, sai nake murmushi. Ni a firamaren gwamnati nake koyarwa a cikin gari, shekara goma sha ɗaya. Ajina na biyu, yara 94 a rajista. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35. Katangarmu ta gabas ta faɗi tun wata damina, yanzu hanya ce, masu babur na ratsawa ta filin wasa, awaki na kwana a baranda. Wa zan ba kati? Yawancin yaranmu ba mai zuwa ɗaukarsu, yayyensu 'yan aji biyar ke riƙo hannunsu.

Abin da muke iyawa shi muke yi. Ina kiran suna sau biyu, da safe da kuma bayan an dawo tara. Na biyun ya fi na farkon amfani, don a lokacin tara yara ke sulalewa. Wanda na gani da safe ban gan shi bayan tara ba, nan take nake tura wa gidansu, ba na jira gobe. Haka na gano wata yarinya da kullum ke ɓacewa ƙarfe goma, ashe gida ake cewa ta dawo ta ɗauki tallar awara. Haka kuma na gano wasu maza uku da ke zuwa wanka a wani kududdufi da aka haƙa don yin bulo. Wannan kududdufin ya fi ɗan bindiga ba ni tsoro, don shi kullum yana nan.

Abban Khalifa:
Malama Allah ya biya ki. Amma 94? Yaya ma kike gane fuskokinsu?

Malama 'Yar Gwamnati:
Zango na farko da wuya. Na raba su layi-layi, kowane layi da monitansa, shi zai ce min wane bai dawo ba. Yara sun fi mu sanin inda 'yan uwansu suke.

Abu Hanan:
Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Mu a jihar nan ta Kaduna mun ga abin da ya fi haka. Ranar 7 ga Maris 2024 aka shiga Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun da safe aka kwashe yara, har da 'yan firamare, sai ranar 24 ga wata aka dawo da 137 daga dajin Zamfara. Nan Zariya ma a watan Yunin 2021 an shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare an ɗebi ɗalibai da malamai. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu tun 2015, har taron duniya aka yi a Abuja a 2021 a kan haka. Ina katangar? Ina jami'an? Ni a ganina kowace makaranta a sa mata ɗan Sibil Difens da bindiga, a daina wasa.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Jikata ce ke buga min, ni ina faɗa, don idanun sun yi rauni. Na yi shekara 35 a aikin koyarwa, goma sha huɗu daga ciki ina hedimasta, na yi ƙauye na yi birni.

Abu Hanan, ɗana, ban raina maganarka ba. Makarantar da ke bakin daji tana bukatar abin da ya fi ƙarfin hedimasta, wannan aikin hukuma ne kuma a ci gaba da matsa musu. Amma makarantar da ke Tudun Wada ko Kofar Doka, a shekara nawa ɗan bindiga zai zo mata? Alhali kullum ta Allah ana tashi, kullum akwai wannan rabin awa da malami ya ɗauka yaro ya koma hannun iyaye, iyaye kuma sun ɗauka yana hannun malami, shi kuwa yaron ba ya hannun kowa. Duk abin da na gani ya samu yaro a aikina, in ka cire rashin lafiya, a irin wannan tsakanin ya faru. Kafin a buga ƙararrawar safe, lokacin tara, bayan tashi.

Abin da na kafa a makarantata ta ƙarshe ba kuɗi ya ci ba. Malamin mako ba ya tafiya sai yaro na ƙarshe ya fita, shi ke rufe ofis. Akwai littafi a hannunsa, duk yaron da za a fita da shi kafin tashi sai an rubuta wa ya zo, me ya haɗa su, ƙarfe nawa. Na hana aiken yara. Wannan shi ya fi jawo min baƙin jini, don malamai sun saba, "je ka sayo min goro", "kai wannan kwanon gidana". Yaro ɗan shekara takwas ya tsallaka titi don goron malam, in mota ta buge shi me za ka gaya wa ubansa? Sannan na ce ba malamin da zai keɓe da yaro ɗaya a aji ko ofis ƙofa a rufe, mace ko namiji, har ni kaina. Na cire labulen ofishina da hannuna. Wani malami ya ce, "Ranka ya daɗe, zarginmu kake?" Na ce a'a, kare ka nake, ranar da za a yi maka ƙazafi ƙofar nan da ke buɗe ita ce shaidarka.

Ku tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 ta Kano, ba sai na kira sunanta ba, kowa ya yi kuka a kanta. A ƙarshen 2021 aka sace ta, kuma wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a watan Yulin 2022 shi ne mai makarantar da take zuwa. Ta san shi, shi ya sa ta bi shi. Katanga da bindiga ba su da abin da za su yi a nan.

Maman Biyu:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar labulen nan ta shige ni.

Abu Hanan:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na ɗauka. Sai dai ban janye maganar katanga ba. Makarantar Malama da babur ke ratsawa fa?

Tsohon Hedimasta:
Kar ka janye. Amma ita Malama, ina kwamitin SBMC na makarantarku, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta? An kafa shi ne don irin wannan, akwai mai unguwa a ciki, da liman, da iyaye mata, da tsofaffin ɗalibai. Ni da su na toshe tawa katangar, kowa ya kawo bulo biyar, magina na unguwa suka ba da ranar Asabar biyu. Takarda kuma a ci gaba da kaiwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma har ta isa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. In kika jira su kaɗai, yaran da ke aji biyu za su yi aure katangar na ƙasa.

Malama 'Yar Gwamnati:
Baba kwamitin yana nan a takarda. Rabon da su zauna tun da aka daina kawo abincin 'yan makaranta. Amma zan tunkari hedimastanmu da maganar, in ce daga bakinka na ji.

Ummu Sadik:
Tunda an buɗe fage, ni abin da ke damuna korar kuɗin makaranta ne. Ƙarfe tara na safe a ce wa yaro ɗan aji biyu "tafi gida sai babanka ya biya", a tura shi titi shi kaɗai. Uwar ta tafi aiki, gida a kulle. Ɗan maƙwabciyata haka ya wuni a gindin wata bishiya kusa da tasha har azahar, yana tsoron komawa gida yana tsoron komawa makaranta. Bashin uba ne, me ya sa yaro zai biya da ransa?

Sai bulala. Sadik ya taɓa dawowa da sawun dorina uku a gadon baya, ɗaya ya fashe ya manne da singileti, sai da na jiƙa da ruwan ɗumi na cire. Laifinsa makara. Shi yake tuƙa Keken?

Ɗan Sabon Gari:
To fa, an zo wurin. Yanzu kuma bulalar za a hana? Mu da aka yi wa tsallen kwaɗo da kamun kunne ga mu mun zama mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan tsarin Turawa ne zai lalata mana yara.

Malam Na Islamiyya:
Ɗan Sabon Gari, bar Turawa a inda suke, mu duba namu. Salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, hadisi cewa ya yi a umurci yaro da ita yana shekara bakwai, ba a yi maganar duka ba sai ya kai goma. Malamai kuma suka ce dukan da ba ya fasa fata, ba ya taɓa fuska. To in salla sai goma, ina hujjar fasa bayan ɗan shekara bakwai saboda makara? Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Ni ma ina da bulala a aji, ba zan yi ƙarya ba, amma na lura ranar da na fi amfani da ita ita ce ranar da na fito gida da ɓacin rai. Tanƙwara daban, karyawa daban.

Ɗan Sabon Gari:
Malam ka ɗaure ni da jijiyata. Amma dai kar a ce ko tsawa ba za a yi ba.

Anti Nas:
Ku ba ni wuri in yi nawa ɓangaren, don abin da ke zuwa mana asibiti daga makarantu ba duka ba ne kawai. Makaranta nawa ce ta san wane yaro ne mai sikila, wane ne mai asma, wane ne mai farfaɗiya? Iyaye na ɓoyewa, musamman farfaɗiya, wai kar a ƙyamaci yaro ko a ce aljanu. Sai ta tashi a aji, malami ya rikice, a danna masa cokali a baki, a zuba masa ruwa, wasu su gudu wai ana ɗauka ta yawu. Ba a ɗauka. Abin da ake yi: a janye benci da duk abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kar a sa komai a baki, kar a danne shi, in jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, asibiti kai tsaye. Mai sikila kuma kar a hana shi shan ruwa ko fita fitsari, kar a sa shi gwale-gwale a rana, kuma a hunturu a bar shi da rigar sanyinsa ko ba kalar yunifom ba ce. Haɓo, wanda ke yawa in iska ta bushe, ba a ɗaga kai sama. A sunkuyar da kai gaba a matse hanci minti goma.

Ku je ku ce a buɗe muku akwatin taimakon gaggawa na makarantar yaranku. Na taɓa yin haka, na samu auduga, almakashi mai tsatsa, da kwalbar ayodin da ta bushe ƙaf.

Sai banɗaki, wanda ba mai son magana a kai. Yarinya ta riƙe fitsari tun bakwai na safe har biyu saboda masan ya ƙazantu, ko ba ƙofa, ko maza na leƙe. Ta daina shan ruwa don kar ta matsu. Daga nan ciwon mara. Wasu kuma su zaga bayan katanga ko kango, inda ba idon kowa. Banɗaki mai ƙofa, na mata daban, a inda malami ke iya hango bakinsa daga baranda, da buta da sabulu, tsaro ne shi ma. Kuma don Allah a duba katin rigakafi lokacin ɗaukar yara. Mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano a 2023 yawanci yaran da ba a yi wa allura ba ya kama, kuma aji mai cunkoso shi yake so.

Injiniya:
A ƙara da gini. Ranar 12 ga Yulin 2024 bene ya rufta da ɗalibai a wata makaranta a Jos, mutum 22 suka rasu. Mu nan mun ga yadda wani sashe na Masallacin Juma'a na fada ya rufta a Agustan 2023 ana cikin salla. Gidan haya da aka mayar makaranta aka ɗora masa bene ba tare da an duba tushe ba, in ka ga tsaga a bango ta yi kwance ko dakalin sama ya lotsa, kar ka jira taron iyaye. Da rijiya marar murfi.

Admin:
Wata 'yar uwa ta turo min wannan ta gefe, ta ce a sa ba suna. Ga shi yadda ta rubuto:

"Ina karanta maganar Baba Hedimasta ina hawaye. 'Yar yayata shekararta 9. Ta fara ƙin zuwa lesin na yamma, kullum ciwon ciki, ta koma fitsarin kwance. Aka yi ta dukanta wai lalaci. Sai da kakarta ta lallashe ta da dare ta faɗi abin da mai lesin ke yi mata in sauran sun tafi. Aka je makaranta, mai makaranta ya haɗa mu da Allah a rufa asiri, ya ce zai sallame shi. Manyan gidanmu ma suka ce a bar maganar saboda auren yarinya nan gaba. An sallame shi. Watan jiya na gan shi da idona yana shiga wata makarantar da jakar malamai. Me ya kamata mu yi?"

Don Allah a amsa da hankali, ba zagi, kuma kar wanda ya tambayi wace makaranta a nan.

Maman Biyu:
Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Barista:
'Yar uwa, Allah ya ba yarinyar lafiya. Abin da aka yi ba rufin asirinta ba ne, rufin asirinsa ne da na makarantar. Ita tana nan da ciwonta, shi kuma an ba shi sabbin yara.

Jihar Kaduna tana da dokar kare yara da walwalarsu tun 2018, kuma a watan Satumbar 2020 aka gyara dokar hukunta laifuka, wanda aka samu da laifin fyaɗe ga yaro ƙasa da shekara 14 hukuncinsa dandaƙa da kisa. A ganina tsananin hukuncin ma yana sa wasu dangi ja da baya in mai laifin na kusa ne, amma wannan muhawarar wata rana ce. Abin da ya shafe ku yanzu: akwai cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Kofar Gayan, an buɗe ta ne don irin wannan. Za a duba yarinya, a ba ta magani da shawara, a rubuta rahoton likita, cikin sirri. Lokaci ya wuce ba ya hana zuwa, kuma ba ya hana kai ƙara wurin 'yan sanda. Ga sauran iyaye, in abu sabo ne, kar a yi wa yaro wanka, kar a wanke kayan, a tafi a ranar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Ki same ni ta hannun Admin. Ko danginku ba su yarda da kotu ba, waccan makarantar da ya koma dole a san yadda za a yi su sani, ta hanyar da ba za a ambaci yarinyar ba.

Tsohon Hedimasta:
Kun ga abin da nake faɗa. Yarinyar ta yi magana tun farko, da ciwon ciki da fitsarin kwance ta yi ta, aka amsa mata da duka. Kowace makaranta ta ware malama ɗaya, mai sanyin hali, a gaya wa yara a asambuli cewa in wani abu ya dame ka, ko a gida ne, je wurin wance, ba za a doke ka ba. Kuma mai makaranta, kafin ka ɗauki malami, ɗaga waya ka kira inda ya baro ka ce me ya raba ku. Takardar NCE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, suna nuna ya yi karatu, ba sa nuna dalilin barinsa wancan wurin.

Hajiya Mai Makaranta:
Tun ɗazu nake karantawa ina jin kamar da ni ake. Ina da 'yar makaranta, yara ba su kai ɗari biyu ba. Ba zan kare abin da aka yi wa Maman Walida ba, kuma batun kiran inda malami ya baro, na yarda ban cika yi ba, daga yau zan fara. Amma ku ji namu. Na kawo tsarin kati shekara biyu da suka wuce. Wa ya karya shi? Iyaye. Alhaji ya aiko yaron shagonsa ba kati, maigadi ya hana, Alhaji ya zo da kansa ya zage shi tas a gaban yara, wai shi za a wulaƙanta. Dattijon nan albashinsa bai kai kuɗin man motar Alhajin na mako ba. Gobe in wani ya zo ba kati, kuna ganin zai sake hanawa? Sannan a tashi 1:30, wani yaron sai huɗu ake zuwa ɗaukarsa, malamar da ke zaune da shi ita ma tana da nata yaran a wata makarantar suna jira. In na kira taron iyaye, mutum ashirin ke zuwa, su ma a kan kuɗi za a yi ta musu.

Korar kuɗi kuwa na daina turawa titi, ina zaunar da su a wani aji in kira iyaye. Amma ku sani rabin iyayena ba sa biya sai zango ya kusa ƙarewa, malamai kuma ba sa cin haƙuri.

Ummu Sadik:
Hajiya ko zaunar da su daban ɗin ma tozarci ne a wurin yaro, amma ya fi titi sau dubu.

Hajiya Mai Makaranta:
Na sani. Ki kawo min wata dabarar in gwada.

Maman Walida:
Salam, na dawo da bayani. Yau da safe ni da Abban Walida muka je. Shugabar ta fara da cewa za ta kori maigadin, muka ce ba abin da ya kawo mu ke nan ba, dattijon ba wanda ya taɓa gaya masa kar ya saki yaro, kuma shi kaɗai aka bari da yara sama da ɗari. Na karanta mata saƙon Baba Hedimasta daga wayata tun daga farko har ƙarshe. Ta yarda da malamin mako da littafin fita, ta ce daga Litinin. Ta ce kowane mai Keke zai kawo hotonsa da lambar Kekensa, in zai aiko wani sai uwa ta kira ofis da bakinta. Kati ta ce sai zango mai zuwa, kuma mu za mu biya kuɗin bugawa. Da na tambayi akwatin magani sai ta ce makullin na hannun wata malama da ba ta zo ba.

Mai Kekenmu ya zo da daddare da abokin nasa ba da haƙuri, da takalmin Walida ƙafa ɗaya, a ƙarƙashin kujera ya gan shi. Ban sallame shi ba. Na karɓi lambar matarsa da ta abokin.

Direba Ɗan Muciya:
Madalla Hajiya. Ki ce masa ya sayi ƙaramar waya ta biyu, ni tawa dubu kaɗan na saye ta, tana kwana uku ba caji.

Anti Nas:
Ki koma ranar Litinin ki ce a buɗe akwatin. Ki duba kwanan watan da ke jikin kowace kwalba.

Malama 'Yar Gwamnati:
Baba, na yi wa hedimasta maganar. Ya ce mai unguwar da ke kwamitin ya rasu bara, ba a sa wani ba. Wa ke da alhakin kiran zama a naɗa sabo, shi ko ofishin ilimi?

Tsohon Hedimasta:
Shi ne sakataren kwamitin, shi zai rubuta takardar gayyata. Ki ce ya sa ranar Asabar bayan la'asar, kar ya sa ranar aiki, ba wanda zai zo. In ya ga dama ya aiko a ɗauke ni, ina nan Kofar Doka, amma a turo wanda na sani.